Yadda Ake Ƙara wa Bugun Sabis Ƙarfi a Wasan Tanis

Sabis, wato bugun farko da ake saka ƙwallo cikin wasa da shi, shi ne bugun da ɗan wasan tanis yake da cikakken iko a kansa, domin ƙwallo a hannunsa take, amma shi ne ya fi wahalar da masu koyo. Yawancinsu suna zaton ƙarfin daga damtse yake fitowa, sai su ƙanƙame raket su yi ta jibgar ƙwallo har kafaɗa ta fara ciwo. Alhali daga ƙasa yake tasowa: gwiwoyi su lanƙwashe su tunkuɗa jiki sama, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo baya, sannan hannu ya zo a sake kamar bulala.

Ka fara da gyara riƙo. Ka riƙe raket yadda ake riƙe guduma, ba yadda ake riƙe mafici ba. A kwanakin farko, idan kai badame ne, ƙwallo za ta riƙa zillewa hagu, kuma a nan ne mutane da yawa suke karaya su koma tsohon riƙonsu. Ka daure, domin wannan riƙon ne yake barin hannu ya murɗa waje a daidai lokacin haɗuwa da ƙwallo, kuma murɗawar ce take haifar da gudu.

Cilla ƙwallo sama kuwa, a ganina, shi ya cancanci rabin lokacin atisaye. Ka ɗora ta a kan yatsu, ba cikin tafi ba, ka ɗaga hannu a miƙe, ka sake ta wajen daidai ido, ta haura ƙololuwar inda raket yake kaiwa da ɗan kaɗan, tana ɗan gabanka. Ka shimfiɗa raket a ƙasa gaban ƙafarka ta gaba, ka cilla sau ashirin, ka ƙirga sau nawa ta faɗo a kan igiyoyinsa. Idan cillawa ta karkace a lokacin wasa, ka cafe ta kawai, doka ba ta hana ba matuƙar ba ka kai mata bugu ba.

Don sakin hannu, ka zuba ƙwallo biyu cikin doguwar safa, ka riƙa kaɗa ta kamar kana sabis. Duk inda motsinka ya tsaya, safar za ta saki ta faɗo maka a baya.

Sai kuma saiti. Tsayin raga a tsakiya santimita 91.4 ne, a gefe kuma mita 1.07, saboda haka bugun tsakiya ya fi sauƙin wucewa. Ka jera gwangwanaye a kusurwoyin akwatin sabis, wato ɓangaren filin da ke ƙetaren raga inda dole sabis ya faɗa, ka buga goma-goma da matsakaicin ƙarfi, kada ka ƙara gudu sai bakwai suna shiga. John Isner na Amurka ya buga sabis mai gudun kilomita 253 a awa a 2016, amma tsayinsa ya haura mita 2, don haka kada ka auna kanka da shi. Bugu hamsin zuwa sittin a rana sun wadatar, bayan ka ɗumama kafaɗa, kuma da zarar ta yi tsami ka ajiye raket.