Sura ɗaya a rana: sujadar iyali ba tare da sayen wani littafi ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, idan kuna neman abin karantawa a sujadar iyali kowace rana, ku bi Littafin Karin Magana bisa kwanan wata. Surorinsa 31 ne, don haka ranar 15 ga wata sai ku buɗe sura 15.

Amfaninsa shi ne babu mai tambaya inda aka tsaya jiya, kuma idan wata rana ta kuɓuce muku saboda aiki ko rashin lafiyar yaro, ba sai kun rama ba, kwanan watan zai nuna muku wurin da za ku ci gaba.

Bayan karatu, kowa ya zaɓi aya ɗaya da zai aikata a ranar. Wannan ne ya fi muhimmanci a ganina. Idan yara sun soma cacar baki wajen wanke kwanuka, uwa za ta iya tuna musu da 15:1, cewa amsa mai taushi takan kwantar da fushi, domin da safe suka ji ta da kunnensu.

Sai dai ku lura: sura 5 da 7 suna magana a fili kan zina, saboda haka iyaye su fara dubawa idan akwai ƙananan yara. Haka kuma littafin bai ba da labarin Yesu ba. Bayan wata biyu ko uku, ku koma Bisharar Markus mai sura 16.