Ajin yamma na OOP: yadda za ka koya da gaske duk da gajiyar aiki

Yawancin masu shiga ajin yamma na furogiramin sun riga sun sha aiki tun safe, wani daga ofis, wani daga kasuwa, wata daga makarantar da take koyarwa, sai a zo a zauna awa biyu bayan magariba malami na ta bayani ido na lumshewa. Makonnin farko da sauƙi, ana koyon baryabul da if da for kowa na bi, amma da an shigo OOP, wato rubuta manhaja ta hanyar kilas da objek, nan ne za ka ga aji ya fara raguwa. Ni dai abin da na yi imani da shi shi ne ba wahalar darasin ce ke korar mutane ba, yadda suke karanta shi ne, sai su kama haddace ma'anoni kamar za su zana jarrabawar tarihi alhali abin nan aikin hannu ne.

Kafin ranar farko ka shirya kayan aikinka a gida, kar ka bari sai a aji ka cinye rabin lokaci kana jiran abu ya sauko. Tambayi malamin wane yare za a yi, galibi Python ne ko Java. In Python ne ka sauke Python 3, kar ka taɓa Python 2 don tun 1 ga Janairun 2020 aka daina kula da shi, duk bidiyon da ka gani yana koyar da shi ka wuce kawai. Thonny ya ishe ka wajen rubutu, a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya aka yi shi musamman don 'yan koyo, ba shi da nauyi ko a tsohuwar laftop, kuma da ka sauke ba ya buƙatar intanet. In Java ne ka nemi BlueJ, shi ma don koyar da OOP aka ƙera shi, yana zana maka kilas-kilas ɗinka a akwatuna ka ga yadda suka haɗu. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya lallaɓawa da Pydroid 3 a wayar Android, akwai wahalar dannawa kam amma ya fi zama haka nan. Kuma a yi caji tun da rana, kowa ya san halin wuta.

To yanzu ainihin maganar. Tun makon farko ka zaɓi ƙaramin aiki guda ɗaya daga rayuwarka wanda ka san shi ciki da bai, shi za ka riƙa sake rubutawa duk mako da abin da aka koya. Misalan aji yawanci mota ne da kare da kyanwa, ba laifi, amma ba sa zama a kai don ba ka da wata damuwa da su. Ɗauki adashi misali. Akwai masu zubi, kowa da sunansa da abin da ya zuba, akwai ranar kwasa, akwai uwar adashi. Ka san dokokin ba sai an faɗa maka ba, shi ya sa in manhajar ta yi shirme nan take za ka gane.

Kilas kamar ƙarfen da ake zuba bulo ne, shi ɗaya ne amma bulo ɗari za su fito daga cikinsa kowane da jikinsa, waɗannan bulon su ne objek. Ga yadda zai fito a Python:

class Memba:
    def __init__(self, suna):
        self.suna = suna
        self.zubi = 0

    def zuba(self, kudi):
        if kudi <= 0:
            raise ValueError("Kudin ba daidai ba ne")
        self.zubi = self.zubi + kudi

Daga nan sai ka rubuta hajara = Memba("Hajara") da bala = Memba("Bala"), ka ce hajara.zuba(5000), sannan ka sa print ya nuna maka zubin kowa ka gani. Na Hajara ya koma 5000, na Bala yana nan a sifili. Wallahi in ka fahimci dalilin da ya sa kuɗin Hajara bai shiga lissafin Bala ba alhali kod ɗaya ne ya yi su, ka ci rabin kwas ɗin. Bayanan mutum da ayyukan da ake yi da bayanan suna zaune wuri ɗaya, babu wanda zai ƙara kuɗi sai ta zuba, ita kuma zuba ba ta karɓar sifili ko abin da bai kai sifili ba.

Ka buga wannan da yatsunka, kar ka kwafa ka liƙa. Wanda ya kwafa bai taɓa mantawa da self ba, saboda haka bai taɓa sanin amfaninsa ba. Cire self daga cikin baka ( ) da ke gaban zuba da gangan ka kunna, Python zai yi maka ƙorafin cewa abu ɗaya yake jira amma an ba shi biyu, kai kuma kana ganin 5000 kaɗai ka tura. Ɗayan shi ne hajara kanta, duk lokacin da ka rubuta hajara.zuba Python na tura objek ɗin a ɓoye ya zama self. A Java ba a rubuta shi a cikin baka, sunansa this, amma aikin ɗaya ne. A Python ka saba karanta saƙon kuskure daga layin ƙarshe zuwa sama, nan ake faɗin irin kuskuren da lambar layin.

Akwai tarkuna biyu da nake so ka faɗa cikinsu a gida da gangan kafin su kama ka ranar jarrabawa. Na farko, rubuta wata = hajara sannan ka ce wata.zuba(1000), ka duba zubin hajara, za ka ga ya ƙaru, saboda ba sabon objek ka yi ba, suna na biyu kawai ka ba wanda ke nan. Na biyu kuma ya fi mugunta, in ka ajiye jerin tarihin zubi a saman kilas maimakon cikin __init__, wato aikin da ke gudana duk lokacin da aka yi sabon objek, to duk membobi jeri ɗaya za su riƙa amfani da shi, zubin kowa ya cakuɗe da na kowa kuma Python ba zai ce maka uffan ba. Akwai shafin Python Tutor na kyauta da yake zana kibiya daga kowane suna zuwa objek ɗinsa layi bayan layi, saka waɗannan biyun a ciki ka kalla da idonka.

Idan aka zo darasin gado, wato kilas ya gaji bayanai da ayyukan wani kilas, a nan ɗalibai ke zumuɗi, komai sai sun sa ya gaji wani abu. Yi wa kanka tambaya ɗaya, shin wannan irin wancan ne ko kuwa yana ɗauke da shi ne? Uwar adashi in ita ma tana zubi to memba ce mai ƙarin aiki, saboda haka class UwarAdashi(Memba) daidai ne, ta gaji suna da zubi da zuba sai ka ƙara mata aikin karɓar kuɗi da raba kwasa, kar dai ka manta da kiran super().__init__(suna) in ka rubuta mata nata __init__ ɗin. Amma shi adashin kansa ba memba ba ne, yana ɗauke da membobi ne, don haka kilas ɗin Adashi jeri zai riƙe a cikinsa, ba gado ba. A aikin gaske wannan na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ina ganin kwas da yawa na ba gado lokacin da ya wuce haƙƙinsa. Sauran manyan kalmomin da za a rubuta a allo kuwa, ɓoye bayanai da sauya hali, za ka tarar ka riga ka yi su, a Java private ake sakawa, a Python layin ƙasa (_) ake sakawa a farkon suna a matsayin alamar kar a taɓa daga waje.

Abin ba sabo ba ne fa, a Oslo ta ƙasar Norway Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da kilas da objek cikin yaren Simula 67 a 1967, kuma burinsu shi ne kwaikwayon yadda abubuwa ke gudana a zahiri cikin kwamfuta. Daga baya Alan Kay da abokan aikinsa suka yi Smalltalk a Xerox PARC, Python ya fito a 1991, Java a 1995. Ka ga kenan rubuta adashi a kod ba wasa ba ne, abin da aka ƙirƙiri tsarin dominsa kenan.

Maganar lokaci kuma, kar ka tara karatu sai Asabar. Minti 30 bayan asuba washegarin aji, kai na sabo, ka sake buga misalin jiya ba tare da kallon littafi ba, in ka maƙale ka leƙa ka rufe ka ci gaba. Duk inda ka maƙale rubuta shi a takarda ka kai aji, ka ɗaga hannu ka ce Malam a nan ya tsaya min, ka nuna saƙon kuskuren yadda ya fito, ya fi ka ce ban gane ba gaba ɗaya. Ku haɗa ƙaramin guruf na WhatsApp mutum uku ko huɗu, amma a yi yarjejeniya ba a tura cikakkiyar amsar aikin gida, sai dai a nuna layin da matsalar take. Haka ma ChatGPT da makamantansa, ka tambaye shi me wannan kuskuren ke nufi, kar ka ce ya rubuta maka aikin.

Duk mako ka ajiye adashinka a sabuwar folda mai kwanan wata, ka bar tsohon yadda yake. Zuwa ƙarshen kwas ka ƙara masa jerin kwasa da tarar wanda ya makara da ajiye lissafi a fayil don kar ya ɓace in an kashe kwamfuta, sannan ka miƙa wa mai riƙe da adashi na gaske ta gwada da lissafin wata guda, duk inda ta ce ba haka ake yi ba ka koma ka gyara kilas ɗin.