Hattara da mai riƙe miki kuɗi da iƙama

'Yan uwa mata mazauna Jidda da Makka, idan maigida ya karɓe katinki na banki, kullum ya ce "bari in ajiye miki", kuma sai kin roƙa kafin ya ba ki riyal goma, wannan danniya ce. Sadakinki da albashinki naki ne a shari'a, ciyarwa kuma wajibinsa ce.

Ki buɗe asusu da sunanki. Lambar sirrin Absher (manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya) da ta banki kada ki ba kowa, ko shi. Ki ɗauki hoton fasfo da iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) ki tura wa 'yar uwar da kika yarda da ita. Kada ki sa hannu a takardar bashi da sunanki, ke za a bi.

In abin ya kai ga barazana, ki kira 1919, layin kai ƙarar cin zarafi a cikin gida.