Kafin ka biya kuɗin ɗaki a Abuja, ka ce a nuna maka mita

Yawancin mutanenmu da ke cewa suna Abuja ba a Abujar suke kwana ba. Wani yana Mararraba ko Masaka, wato jihar Nasarawa, wani yana Suleja ko Madalla a jihar Neja. Masu ɗan dama-dama su ne a Kubwa, Lugbe, Nyanya ko Dutsen Alhaji. Da asuba a kwararo cikin gari, da magariba a kwarara waje. Amma duk inda ka sauka a cikin waɗannan wurare kamfanin wuta ɗaya ne, AEDC, wanda ke raba lantarki a Abuja da Neja da Nasarawa da Kogi, kuma da shi za ka fara hulɗa tun kafin ka san sunan limamin unguwarku.

A gida, in za ka kama haya ko ka sayi kaya, sanayya ce ke tsare ka. Mai kantin ya san mahaifinka, in ya cuce ka akwai inda za a kai ƙara bayan sallar la'asar. A nan babu wanda ya san ka, ɗan'uwa. Abin da ke tsaya maka shi ne tambayar da ka yi kafin kuɗi su bar hannunka, da takardar da ka karɓa bayan sun bari.

Sabon zuwa in dillali ya kai shi ganin ɗaki, fenti yake kallo da tayil, da ko bayin yana ciki. Dillalin ya san haka, shi ya sa ake shafa sabon fenti. Kai dai ka ce a nuna maka mita. Ta ɗakin ce ita kaɗai, ko gidan duka ke kanta? Ta sayen kati ce, ko bil ake kawowa ƙarshen wata? Sannan layin unguwar a wane rukuni yake?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita mutane ba sa yi, kuma ita ce ta fi cin kuɗi. An kasa layukan wuta gida biyar, daga A zuwa E, gwargwadon awoyin da aka yi alkawarin bayarwa a yini: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauto da shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai. A wannan farashi, in ka haɗa da haraji, katin naira 5,000 yunit 22 ne ko kusa da haka. Maƙwabcinka na tsallaken titi da ke wani rukunin zai iya samun ninkin hakan sau biyu ko uku da kuɗi ɗaya, sai dai shi kuma ya fi ka zaman duhu. Saboda haka in dillali yana washe baki yana cewa "nan wuta ba ta ɗaukewa", ka san cewa ba kyauta ba ce.

Yunit ɗaya yana nufin ka kunna abu mai cin wat 1,000 na tsawon awa guda. Dutsen guga wajen wat 1,000 yake ci, hitar dafa ruwa da rishon lantarki ma haka ko fiye. Fanka ba ta wuce wat 70 ko makamancin haka, ƙwan fitila irin na zamani kuwa wajen 10. Ka ga ke nan fanka za ta kwana tana juyawa ba ta cinye yunit guda ba, amma tukunyar wake a kan rishon lantarki za ta lashe biyu kafin ta nuna. Cajin waya kuwa ba ma abin lissafi ba ne, duk da shi ake yawan zargi.

Wannan lissafi shi ne tushen rigimar gidan haya mai mita ɗaya. Ƙarfe sha ɗayan dare mita ta fara ƙara tana ƙyafta jan ido, kowa ya fito tsakar gida da tocilar waya, wannan da gajeren wando, waccan da ɗaurin ƙirji. Gwauron da ba ya yini a gida yana rantsuwa shekaranjiya ya ba da dubu uku. Mai ɗakin ƙarshe tana cewa ita firij ɗinta ƙarami ne. Kowa ya san ɗakin da ake dafa ruwan wanka da hita, amma babu mai son ya ambaci suna. In ba makawa sai irin wannan gida, ka nemi a saka maka ƙaramar mita ta ɗakinka wadda za ta nuna abin da ka sha, ka biya naka. Kuɗinta ba su kai zumuncin da za ta tsare maka ba.

In kuwa mitar taka ce kai kaɗai, saura abu guda: bashi. Wanda ya tashi zai iya barin bashi a kanta, kuma a kan zare shi ne a hankali daga duk katin da aka saya. Gwajin mai sauƙi ne. Kafin ka biya haya, sayi katin dubu ɗaya ko biyu da lambar mitar, ka duba yunit nawa aka ba ka, ka loda lambobin nan 20 da hannunka ka ga sun shiga. In yunit ɗin ya gaza abin da ya kamata, a warware da mai gida tukuna, a rubuce. Kuma duk mai gyaran wutar da ya ce zai yi maka dabara a zagaye mita, ka ba shi haƙuri. Ranar da aka zo dubawa shi ba ya nan, kai za a tarar a ɗakin.

Ruwa ba sai na daɗe a kansa ba. Na famfo daga madatsar Usuma da ke wajen Ushafa yake zuwa, kuma bai kai ko'ina ba. Unguwannin gefe burtsatse ne da 'yan garuwa, burtsatsen kuma sai da wuta. Kar ka tambayi dillali, ka tambayi mai shayin bakin layi nawa ake sayar da kura a watan Maris.

Kana tsaye a cikin ɗakin nan, ciro wayarka ka kira wani, ka buɗe bidiyo ka ga ko zai tafi. Garin duwatsu ne, layin da ke gudu a bakin titi zai iya mutuwa a ƙuryar ɗaki, kuma wanda ya fi ƙarfi a Kubwa ba lalle ne shi ya fi a Karu ba. Shi ya sa kusan kowa layi biyu ne da shi. Kar ka zuba kuɗin datar wata guda sai ka gwada ta yini ɗaya. Lambobin yanzu iri ɗaya ne a duk kamfanoni: *310# duba kuɗi, *312# sayen data, *323# duba ragowarta. In saƙonnin talla sun ishe ka, tura STOP zuwa 2442. In ka kai kuka wurin kamfani ba a share maka hawaye ba, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, tana da lambar kyauta, 622.

Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Kar ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, komai saurin da kake yi. 'Yan'uwanmu da suka zo daga Maraɗi ko Damagaram su aka fi yi wa wannan tayi, don an san takardun nan na ba su wahala. Gara ka je ofishin kamfanin da takardunka a faɗa maka abin da ake bukata. Layin da ba sunanka ba, ranar da ya ɓata ba ka da bakin karɓo shi, in kuma an taɓa aikata ɓarna da shi kai ne a hannu.

Layin da ke haɗe da asusunka na banki kuwa, shi ne ainihin aljihunka. Ɓarawon waya a yau sim ɗin yake so fiye da wayar: ya zare shi ya sa a wata, ya shiga laluben asusu da 'yan lambobin banki. Saka wa sim ɗin kansa lambar sirri, ba fuskar waya kaɗai ba, ta yadda in an sa shi a wata waya ba zai buɗe ba. Ka kuma haddace ko ka rubuta a takarda yadda ake toshe asusunka daga wayar wani. Babu ma'aikacin bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka yanzun nan. Ko da ya kira cikakken sunanka, ko da Hausa yake yi tsantsa har da "ranka ya daɗe", kashe wayar.

Wannan ya kawo mu maganar mota. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar gari, don haka tasi za ka riƙa shiga, kuma a nan 'yan wan-cans suke, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota. Yanzu ba tsabar kuɗi kawai suke nema ba, tilasta mutum suke ya buɗe manhajar banki ya tura. Ka shiga mota a tasha ko inda ake lodi, musamman da sassafe da bayan isha'i, ko da za ka ƙara ɗari biyu. Motar da ta tsaya maka ita kaɗai, gilashi mai duhu, saura mutum ɗaya ta cika, bar ta ta wuce. Ni a ganina ma ajiyarka ta gaske kada ta zauna a asusun da ke kan wayar da kake yawo da ita. Asusu biyu: na cefane a waya, na ajiya katinsa a gida.

In sana'a ka zo yi, shago ko tireda ko POS, za ka ga ciniki ya koma taransifa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Saƙon tes ba shaida ba ne, hoton rasit a wayar mai saye ma haka, duka ana ƙirƙira su. Buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna, sannan kaya su fita. Zai ce yana sauri, zai ɓata rai, wataƙila ma da babbar riga da mota. Ya jira. In kai ne mai cire kuɗi a POS, tambayi caji tun farko, katinka kada ya bar idonka, in kuma na'ura ta ce bai yi ba ka karɓi 'yar takardar ka adana, ita za ka kai banki in an zare kuɗin.

Sayen waya kuwa, kowa rukunin shagunan Banex zai nuna maka a Wuse 2, ko na Emab, ko kasuwar Wuse. Akwai kaya masu kyau, akwai kuma yaran da za su tare ka tun daga bakin ƙofa su ce "zo shagona", alhali ba su da shago. Ka sayi abu a wurin da gobe in ka dawo za ka tarar da mai shi zaune. Danna *#06#, lambar IMEI mai lamba 15 za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, ka sa a rubuta ta a rasit mai sunan shagon. In ta hannu ce, sa layinka ka yi kira, gwada kyamara da lasifika da wurin caji a nan gabansa. In iPhone ce, ka tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud, in ba haka ba ka sayi madubi. Wayar da aka kawo maka a ɓoye da rabin kuɗinta kuwa, araha ba ta ado: ana bin sawun wayar sata, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ke kwana ofishin 'yan sanda.

Ra'ayina, wanda na san samari ba za su so ba: sabuwar Tecno ko Infinix ko Redmi mai babban batir ta fi wa sabon zuwa amfani a kan tsohuwar iPhone da ke neman caji kafin azahar. Wanda zai fito daga Masaka da asuba ya koma bayan isha'i batir yake bukata. Yayi ya jira albashi na uku.

Abuja tana da wata damfara da ta fi ƙwarewa a kai, ta sayar da gurbin aiki. Za a turo maka a WhatsApp cewa wata hukumar tarayya na ɗaukar ma'aikata, ga shafin cikewa, ga kuma wani "oga" da zai sa sunanka in ka tura kaza. Yawancin shafukan gwamnati na gaskiya da .gov.ng suke ƙarewa. Wanda ya nemi BVN ɗinka da kuɗin fom a asusun mutum, ka san inda ya dosa. Haka masu ninka kuɗi: MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, kuma a kowane karo wanda ya jawo mutum ɗan'uwansa ne da ya ci riba sau ɗaya. Manhajojin bashi na waya ma ka yi nesa da su. Ban da ruwan da ke kai, da yawansu kan kwashe lambobin da ke wayarka, ranar da ka yi jinkiri sai surukinka a Funtuwa ya sami saƙo cewa kai ɓarawo ne.

Gas ɗin girki, a auna tukunya a gabanka kafin a zuba da bayan an zuba. Janareto kada ya kwana a ɗaki ko a baranda mai rufi, hayaƙinsa na kisa cikin barci. Damina kuma daga Afrilu zuwa Oktoba da tsawa take zuwa, in hadari ya haɗo zare talabijin da caja daga soket.

In sallah ta matso kana son tafiya gida ta jirgin ƙasa, daga Idu ko Kubwa ake hawa zuwa Rigasa a Kaduna. Tikiti ta intanet ake saye, da lambar NIN, kuma sunan da ke kansa sai ya dace da na katin shaidarka. Kujerun kan ƙare da wuri a irin wannan lokaci, don haka da an buɗe sayarwa ka kama naka, ka kuma isa tasha da sauran lokaci.