Yadda za ka gane abin da ke jan masu rubuta soyayyar jinsi ɗaya a labaran masoya fim

In kana son sanin dalilin da ke sa mutum ya ɗauki jarumai biyu maza na wani fim, ko mata biyu, ya rubuta musu labarin soyayya, kada ka tsaya ga jita-jita. Je inda ake ajiye labaran. Wanda na fi amincewa da shi shi ne shafin intanet mai suna Archive of Our Own, ana ce masa AO3. Masu rubutun ne da kansu suka gina shi, aka buɗe wa jama'a a 2009, ba talla, ba kuɗin shiga.

Fara da koyon alamomi. Sunaye biyu da karkataccen layi a tsakaninsu, kamar Kirk/Spock, soyayya ake nufi. In alamar & ce, abota ce ko zumunci. Kirk da Spock jarumai ne maza na shirin talabijin na Star Trek, kuma a kansu al'adar ta kafu a shekarun 1970, lokacin da mata ke buga labaran a ƴan ƙananan mujallu suna aika wa juna ta gidan waya. Duba matakin da aka sa wa labari kafin ka buɗe: General na kowa ne, Explicit na manya zalla. Da yawa babu komai a cikinsu sai hira, kewa da jiran amsa.

Sannan ka zaɓi fim ɗin da ka sani ciki da waje. Nan ne idonka zai buɗe. Za ka ga marubuciyar ba daga sama ta tsinto labarin ba. Akwai wani kallo da jarumin ya yi wa abokinsa, akwai ranar da ya sayar da ransa dominsa, sai fim ya wuce bai ce komai ba. Wannan gurbin take cikewa. Mata da yawa suna son ganin soyayyar da ba a riga an yanke wa zai yi umarni, wa zai yi haƙuri ba. Wasu kuwa su kansu masu son jinsinsu ne, sun gaji da finafinan da ke kashe irinsu kafin ƙarshe, sai suka rubuta musu gida da tsufa tare. Wannan dalilin shi ya fi taɓa ni.

Kada ka tsallake ƴar wasiƙar da marubuci ke sawa a sama ko a ƙasan babi, sau da yawa a nan yake faɗin dalilinsa da bakinsa.

Za ka lura kusan kowa da sunan aro yake rubutu. Akwai dalili: a Sin an yanke wa wata marubuciya mai laƙabin Tianyi hukuncin ɗaurin sama da shekara 10 a 2018 kan rubutu irin wannan na soyayyar jinsi ɗaya, an kuma toshe AO3 a ƙasar a 2020. In ka gane wanda ke bayan wani suna, ka riƙe a cikinka.