Yadda Za Ki Shayar da Jariri Ba Tare da Kan Nono Ya Tsage Ba

Maganar da aka fi gaya wa mai haihuwar fari idan ta ce shayarwa tana mata zafi ita ce, "Yi haƙuri, zai wuce." Ni ma ita aka gaya mini, na kuma bi ta har kwana tara. A daren na tara, da na zare yarinyar daga nono sai na ga jini a gefen bakinta. Hankalina ya tashi, na zaci daga cikinta yake fitowa, ashe daga jikina ne. Kan nonon hagu ya dare kamar faso. Washegari wata ungozoma ta tsaya a kaina tana kallon yadda nake ba ta, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ce, "Ai kan nonon kaɗai take tsotsa." Daga lokacin zuwa yau na zauna kusa da masu jego da dama, ƙanne da ƙawaye, kuma kusan dukkansu a wannan wurin suke tuntuɓe.

Ki fara sanin zafin da ba na damuwa ba ne. A kwanakin farko, da jariri ya kama za ki ji wani ɗan zugi na daƙiƙoƙi kaɗan, sannan ya lafa. Haka nan marar ki za ta riƙa murɗawa yayin da yake sha, domin sinadarin oksitosin da ke sako ruwan nono shi ne kuma yake tsuke mahaifa ta koma yadda take. Wannan murɗar ta fi tsanani ga wadda ta yi haihuwa ta biyu ko ta uku, kuma cikin 'yan kwanaki take tafiya. Amma zafin da zai sa ki cije leɓe tun daga farkon sha har ƙarshensa, ko ki ji gabanki ya faɗi da zarar yaro ya motsa, wannan gyara yake nema.

Kada ki jira ya yi kuka

Jaririn da ya kai ga kuka ya daɗe yana neman nono. Kafin nan zai riƙa juya kai, yana buɗe baki, yana kai hannu baki, yana tsotsar leɓe. A lokacin za ki ɗauke shi. Idan ya riga ya ɓarke da kuka, harshensa yana ɗagewa sama, ke kuma jikinki na rawa ki cusa masa ko ta yaya don ya yi shiru, daga nan ɓarnar take farawa. Ki rungume shi a ƙirji, fata da fata, ya natsu tukuna.

Sai zama. Ki jingina bayanki, ki kawo yaron wurin nono, kada ki sunkuya ki kai masa. Cikinsa ya manne da naki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa su zama a layi ɗaya. Gwada haɗiyar ruwa wuyanki a karkace, za ki gane abin da yake ji idan kin kwantar da shi rigingine kansa kaɗai ya juyo. Ana sayar da matashi na musamman don shayarwa. Ni ban ga abin da ya fi matashin gadonki da shi ba, kuɗin ki riƙe abinki.

Kamun nono

Nan ne nawa ya lalace, don haka zan daɗe a kai.

Hannunki ya tallafi wuyansa da kafaɗunsa. Kada ki dafe masa ƙeya. Yaron da aka danna wa ƙeya turjewa yake yi, kuma ba zai iya ɗaga kai ya wangale baki ba. Yanzu ki saita kan nonon da hancinsa. Hanci na ce, domin kowa baki yake saitawa, ni ma haka na yi. Idan kan nonon yana daidai hanci, dole ya ɗan ɗaga haɓa ya nemo shi. Ki goga masa a leɓen sama, sannan ki jira.

Jiran nan shi ne mai wuya. Zai ɗan buɗe baki kamar mai shan ruwa da tsinke, za ki ji kamar ki saka. Kada ki saka. Ki sake goga masa, har sai ya wangale kamar mai hamma. A wannan ɗan lokacin ki jawo shi gaba ɗayansa da sauri, haɓarsa ta fara taɓa nonon, leɓensa na ƙasa ya sauka nesa da gindin kan nonon, kan kuma ya shige yana kallon saman bakinsa.

Ga dalilin duk wannan wahala. Ki sa harshenki a saman bakinki ta bayan haƙora, za ki ji tauri. Ki ja shi baya, za ki ji inda ya yi laushi. Kan nono can wajen laushin ya kamata ya kusanta. Idan ya tsaya a gaba, harshen jariri zai riƙa murje shi da wurin taurin nan a kowace zuƙa, sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Babu fatar da za ta jure wannan.

Da ya kama, ki duba. Haɓa a nutse cikin nono, hanci a sake, leɓen ƙasa a naɗe zuwa waje. Baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa a kan ta ƙasa. Kumatunsa su cika, kada su riƙa lotsawa. Zai fara da tsotso gajere-gajere, sannan ya koma dogo a hankali yana tsayawa yana haɗiya. Idan kina jin ƙarar "tsat-tsat" kamar yana kuɓuce masa, kamun bai yi ba.

In bai yi ba, cire shi. Wannan a wurina doka ce, ko da ƙarfe uku na dare ne, ko da sau biyar za ki maimaita. Masu jego suna jin tsoron cirewa saboda da ƙyar suka samu ya kama, sai su daure minti ashirin, kuma minti ashirin ɗin nan ya isa ya buɗe rauni. Kada dai ki fizge shi. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta ta gefen bakinsa tsakanin dasashi, iska ta shiga, zai saki da kansa.

Akwai wata alama da nake sa kowa ta duba bayan ya gama. Kan nonon ya fito a mulmule yadda ya shiga, sai dai ya ɗan ƙara tsawo. Idan ya fito a matse, gefe ɗaya a zaftare kamar sabon jan-baki, ko da farin layi a tsakiyarsa, an murje shi, ko da ba ki ji zafi sosai ba. In kin gyara duk wannan kwana biyu, uku, abin bai sauya ba, ki sa a duba ƙarƙashin harshensa. Wasu jariran ana haifarsu da zaren ƙarƙashin harshe a ɗaure, harshen ba ya iya miƙowa, kuma wannan ba laifin riƙonki ba ne.

Idan ya riga ya tsage

Ki ci gaba da shayarwa, ɗan jinin da zai haɗiya ba zai cuce shi ba. Ki fara da ɓangaren da ya fi sauƙi, domin tsotson farko ya fi ƙarfi. Ki sauya kwanciyarsa, wani lokaci ki riƙe shi ta ƙarƙashin hammata, wani lokaci ku kwanta a gefe, don kada wuri ɗaya ya riƙa shan matsa. Bayan ya gama ki matso ɗigo biyu na ruwan nonon ki shafa. Sabulu kuwa ki nisanta shi da wurin, ruwa ya wadatar, kuma kada ki bar jiƙaƙƙen ƙyalle ko rigar mama mai damshi a kai. Man lanolin da ake sayarwa yana sanyaya wa wasu, amma na ga wadda ta ƙarar da kwalba biyu raunin yana nan, saboda kamun bai gyaru ba. Parasitamol da ibuprofen ba sa hana shayarwa, matuƙar likita bai hana ki su saboda wani dalili ba. Idan ɓangare ɗaya ya gagara taɓuwa, ki tatse shi da hannu na yini guda ki ba shi da ƙaramin kofi ko cokali.

Ranar da nono ya kawo

A kwanakin farko dakashi ne kawai, mai kauri, rawaya-rawaya, kuma kaɗan. Kaɗan ɗin ya ishe shi, cikinsa a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda ba. Tsakanin kwana na 2 da na 5 sai ki tashi ki ji ƙirjinki ya yi nauyi, ya yi tauri, fatar tana sheƙi. Wadda ta iya kamu jiya, yau sai ta ga yaron yana zamewa, domin ba zai iya kama abu mai tauri kamar dutse ba. Ki jera yatsunki kewaye da gindin kan nonon ki danna a hankali zuwa ciki na kamar minti ɗaya, ko ki tatsa kaɗan har wurin ya yi laushi, sannan ki ba shi. Tsakanin sha da sha ki ɗora tsumma mai sanyi. Kada ki tatse shi tas da nufin samun sauƙi, jiki zai ɗauka ana buƙatar ƙari ne ya sake cikowa. Murza da ƙarfi ma ki bar ta, kumburi take ƙarawa.

Idan wani ɓangare ya yi ƙululu, ya yi ja ko zafi, ga zazzaɓi da ya kai digiri 38, ga ciwon jiki kamar mura za ta kama ki, ki ci gaba da ba shi wannan nonon, ki huta, ki sa sanyi. In ba ki ga sauƙi cikin awa 24 ba, ko abin yana ƙaruwa, ki tafi asibiti, ana iya buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Jinkiri ne ke kai shi ga tara mugunya.

Saura zancen "nonona ba ya isar sa", wanda kusan kowa ke yi a sati na biyu ko na uku, lokacin da yaro zai maƙale da yamma yana sha yana saki har awanni. Ki ƙirga ƙunzugu. Daga kwana na 5, jiƙaƙƙu shida ko fiye a yini da dare, kashi kuma ya juye daga baƙi zuwa rawaya. Nauyinsa zai ɗan ragu a kwanakin farko, ya dawo na haihuwa wajen sati biyu. In haka ne yana ƙoshi, kuma ba ya buƙatar ruwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6. Amma jaririn da ke wuyar tashi daga barci, ko ya ƙi sha sau biyu a jere, ko fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi duhu, ko idonsa da fatarsa suna ƙara rawaya, a ranar za a kai shi asibiti.