Yadda ake yi wa ƙarfe ruwan tagulla da batirin tocila

Duk shekara ina gwada wannan aikin da ɗalibaina a wani ƙauye kusa da Kazaure, kuma kusan wuri guda suke faɗuwa: su ɗauko ƙusa su tsoma cikin ruwan haɗin, ta yi ja wur, murna ta kama su, da an shafa da yatsa sai jan ya biyo hannu. Ni ma haka ta faru da ni da farko, na yi sati biyu ina zargin batir.

Ga dalilin. Baƙin ƙarfe ba ya jiran lantarki. Da ya shiga ruwan kofa salfet, wani gishiri mai ɗauke da tagulla, tagullar take hawa kansa da kanta, sako-sako kamar ƙura, duk abin da ka ɗora a kai daga baya tare za su ɓare. Saboda haka kafin komai nemi mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifikar rediyo ne. Abin da ya kama, ajiye shi gefe. Fara da makullin kwaɗo na gaci ko zoben gaci. Baƙin ƙarfe sai an fara yi masa ruwan nikel, wannan kuwa aikin wata rana ne.

Kayan aikin ba su da yawa: kwalba mai faɗin baki, batirin tocila guda ɗaya mai bolt 1.5, waya biyu, guntun jan ƙarfe (wato tagulla), da kofa salfet, wato gishirin nan shuɗi. Ana samunsa wajen masu sayar da kayan kimiyya na makarantu a Kano. Haɗa kuɗi da abokanka ku saya tare, don kaɗan ake buƙata. Jan ƙarfen kuma a fere wayar wutar gida a naɗe ta. Wayar koyil ɗin fanka ko na injin ban ruwa tana da fenti mai hana wuta wucewa, in ba ka kankare ba haka za ka wuni ba abin da ya motsa.

Narka kamar giram 200 na gishirin a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi. Ni ba na yarda da ruwan rijiya ko na burtsatse, suna sa haɗin ya yi dishi-dishi. Ruwan sama da aka tara a roba mai tsabta ya fi. Ɗiga ɗan asid ɗin batirin mota yana gyara aikin, amma asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Ka sa safar hannu, ka kare idonka.

Sai wanki, inda rabin aikin yake. Goge makullin da toka mai laushi, ka wanke da Omo, ka jiƙa shi cikin ruwan tsamiya ko lemun tsami na ɗan lokaci, ka ɗauraye. Gwaji ɗaya nake yi: in ka zuba masa ruwa ya kwanta shimfiɗe, ya wanku. In ya tattaru ɗigo-ɗigo, akwai sauran maiƙo, koma. Daga nan kada yatsanka ya sake taɓa shi, da waya za ka riƙe. Maiƙon hannu kaɗai ya isa ya bar tabo.

Waya ɗaya ta haɗa makullin da gindin batir, wajen alamar ragewa. Ɗayar ta haɗa jan ƙarfen da kan batir, wajen alamar tarawa. Rataya su cikin kwalbar suna fuskantar juna, kada su haɗu. Lantarkin yana narkar da tagulla daga wayar jan ƙarfen, tana bi ta cikin ruwan ta sauka kan makullin. Shi ya sa wayar ke sirancewa, shuɗin ruwan kuma bai ragu ba. In ka juya wayoyin, makullinka ne zai riƙa cinyewa.

Don Allah a bar batirin babur da na sola. Bolt 12 ya yi yawa ƙwarai, abin zai fito baƙi-baƙi yana gari. Tun shekarun 1830 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa yawan ƙarfen da ke sauka ya danganta da yawan lantarkin da ya wuce. Amfiya ɗaya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) a awa ɗaya tana sauke kusan giram 1.2 na tagulla, makulli kuwa ko kusa da haka ba ya buƙata. Wuta kaɗan, lokaci mai tsawo, shi ke ba da fata mai santsi.

Ba shi minti 20 zuwa 30, kana juya shi jifa-jifa, don ɓangaren da ke kallon wayar ya fi samu. Cire, ɗauraye, shanya, ka goge da tsumma.

Ruwan gwal da na azurfa kada ka gwada a gida, masana'antu da sayanaid suke yi, guba ce mai kisa. Shuɗin ruwan nan ma guba ne. Rufe shi a kwalba ka rubuta suna, ka ɗora inda yara da awaki ba sa kaiwa, kuma kada a zubar kusa da rijiya ko kududdufi. Zai sake yi maka aiki sau da yawa in ka tace shi da tsumma.